IDON HUKUMA A BISA KATANGAR TALAKA

Duk ran da bam ya tashi a Maiduguri, tun kafin a gama wanke jinin da ya zuba, sai ka ji manya sun fito da magana guda kamar sun haɗa baki: a kafa kyamarori. A kafa a ƙofofin kasuwa, a kafa a tashar mota, a kafa a Babban Layi, a bi lungunan Hausari ɗaya bayan ɗaya a dasa wa kowane lungu ido. In kuwa wani ya ɗaga yatsa ya tambaya wa zai riƙa kallon hotunan, kuma ina za a kai su, sai a rufe masa baki da cewa ai marar laifi ba ya tsoron kyamara. Wannan magana ce muke so mu kwance ta a yau mu ga abin da ke ƙunshe a ciki, domin ta yi daɗin ji ƙwarai, kuma maganar da ta cika daɗi a bakin mahukunta ita ce ta fi cancanta talaka ya juya ta ya duba bayanta.

Da farko dai, kada wani ya zo ya yi wa mutanen Hausari wa'azi a kan darajar tsaro. Kasuwar Monday Market a bakin ƙofarsu take. Ranar 1 ga Yuli, 2014, aka tayar da bam a cikin motar da aka lulluɓe da gawayi a gefen kasuwar. Ranar 25 ga Nuwamba ta wannan shekara mata biyu suka shiga, ta farko ta tashi nata, jama'a suka ruga ceton waɗanda suka faɗi, ta biyu ta tashi nata a tsakiyarsu. A watan Janairu na 2015 yarinya ƙarama, wadda aka ƙiyasta shekarunta kamar 10, aka ɗaura wa bam, ya tashi da ita a bakin ƙofa ana cikin binciken masu shiga. Kuma kada a ce abin ya wuce: a watan Disamba na 2025 an kashe masallata a wani masallaci a kasuwar Gamboru lokacin sallar magariba. Wanda ya ɗauki gawar ɗan'uwansa a kafaɗa daga bakin kasuwa zuwa maƙabarta, in aka ce masa ga na'urar da za ta hana haka sake faruwa, ba zai tsaya ciniki ba. Wannan rauni na zuciya shi ne jarin dillalan kyamara, kuma shi ya sa ya wajaba a yi musu tambaya tun kafin a sa hannu a takarda.

To, a cikin hare-haren nan da muka lissafa, wanne ne kyamara za ta hana? Ɓarawo yana tsoron a ga fuskarsa domin yana da niyyar kwana a gidansa gobe. Wanda ya ɗaura bam a ƙugu ya riga ya yi sallama da gobe, yarinyar da aka yaudara aka turo kuwa ba ta ma san me ake nufi da kyamara ba. Birnin Landan yana cikin biranen da suka fi yawan kyamara a duniya, amma ranar 7 ga Yuli, 2005, kyamarar tashar jirgin ƙasa ta Luton ta ɗauki hoton mutum huɗu da jakunkunansu a baya suna shiga, ta ɗauke su sarai, suka wuce suka kashe mutum 52. Hoton ya yi amfani bayan an gama jana'iza. A 2019 waɗansu masana a Amurka da Ingila suka tattara binciken da aka yi na shekara 40 a kan wannan na'ura, suka sami cewa tana rage laifi da kamar kashi 13 cikin 100, kuma inda ta fi tasiri shi ne wuraren ajiye motoci, inda ragin ya kai kashi 37. A laifuffukan zubar da jini kuwa ba su sami wani ragi na a zo a gani ba.

Ba mu ce ba ta da amfani ba. Ɗan kasuwar da ya maƙala kyamara a ƙofar shagonsa ya kama yaron da ke zare masa atamfa, ya yi daidai, kuɗinsa ne, ƙofarsa ce. Kyamara a ƙofofin Monday Market tana iya nuna wanda ya rako mai bam, da motar da ta sauke shi, har a bi sawu a kai ga inda ake haɗa abin. Gobarar da ta cinye kasuwar ranar 26 ga Fabrairu, 2023, da dare ta tashi, kuma ido mai aiki a cikin rumfuna yana iya nuna inda wuta ta faro. Wannan duk gaskiya ne. Amma a sayar da abu da sunansa. A ce mana kayan bincike ne bayan aukuwar ɓarna, kada a ce mana garkuwa ce.

Sai mu zo kan kuɗi, domin a ƙasar nan maganar tsaro ba ta taɓa rabuwa da maganar kwangila ba. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 domin kafa hanyar sadarwar tsaro, tare da kyamarori wajen 2,000 a Abuja da Ikko. Dala miliyan 399.5 daga ciki bashi ne aka ciwo daga bankin Exim na Sin, wanda ba za a gama biya ba sai 2030. Me ya biyo baya? Ranar 16 ga Yuni, 2011, bam ya tashi a harabar hedikwatar 'yan sanda ta ƙasa. Ranar 26 ga Agusta ta wannan shekara aka kai wa ginin Majalisar Ɗinkin Duniya hari. A 2014 aka yi Nyanya, aka yi Emab Plaza a Wuse. Duk wanda ya zaga Abuja bayan haka ya ga sandunan nan a tsaye a bakin titi, an kwashe batura, an cire faifan hasken rana, kyamarar kuwa ta zama wurin hutawar tsuntsaye. Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti, aka yi ta kai da kawo. A 2019 Ministar Kuɗi Zainab Ahmed ta shaida wa 'yan majalisa cewa ana biyan bashin, amma ba ta da bayani a kan halin da aikin yake ciki. A 2023 sai da ƙungiyar SERAP ta samo hukuncin Babbar Kotun Tarayya a Abuja cewa gwamnati ta fito ta yi bayanin yadda aka kashe kuɗin. Mai sayar da goro a Hausari, wanda bai taɓa taka Abuja ba, yana cikin masu biyan bashin idon da bai taɓa buɗewa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan fa a Abuja ke nan, inda ake da wuta. Maiduguri kuwa, a watan Janairu na 2021 aka kayar da turakun layin da ke kawo mata lantarki daga Damaturu, aka gyara a watan Maris, aka sake kayarwa cikin 'yan kwanaki, garin ya yi watanni cikin duhu. A Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye tsakiyar birni har da kasuwar kanta. Ga ƙurar hunturu da ke rufe gilashi cikin mako guda, ga zafin bazara da ke kashe batir. Wanda zai kawo mana kyamara, ya fara gaya mana wa zai share ta, wa zai canja mata batir a shekara ta uku, kuma daga wane aljihu.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne a zo Hausari, ita Hausari, a ce za a koya mata sa ido. A wannan unguwa ce a 2013 wani ɗan kasuwa, Baba Lawan Jafar, ya bi ɗan bindiga da gora a hannu ya kama shi ya miƙa wa soja, matasa suka ga haka suka bi bayansa, daga nan aka sami 'yan gora da duniya ta sani da sunan Civilian JTF. A lokacin an katse layukan waya a Borno gaba ɗaya bayan dokar ta-ɓaci ta watan Mayu, babu na'ura ko ɗaya da ke aiki. Abin da ya kori 'yan Boko Haram daga cikin birni shi ne idon da ya san ɗan wane ne wannan, yaushe ya bar gida, wa yake kai wa abinci da dare. Kyamara ba ta san ɗan kowa ba.

Sai dai wannan tarihi yana da ɗaya fuskar, kuma mutanen Maiduguri sun san ta fiye da kowa. A waɗannan shekaru nuni da yatsa kawai ya isa a ɗauke mutum. Wanda ake bin sa bashi, da wanda aka kasa a neman aure, da mai ƙyashin rumfar maƙwabcinsa, duk sun sami hanya mai sauƙi. Ƙungiyar Amnesty International ta faɗa a rahotonta na 2015 cewa fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun daga 2011, da yawansu a barikin Giwa. Hukumar soja ta musanta rahoton, amma akwai gidaje a garin nan da har yau uwa ba ta san inda ɗanta yake ba. Saboda haka mai cewa marar laifi ba ya tsoro, ya je ya faɗi wannan magana a gaban waɗannan iyaye mata, in yana da ƙarfin hali. Yanzu a ɗauki wannan yatsa mai nuni a ba shi hoton kowa: wa ya shiga gidan wa, wa ya yi sallah a wane masallaci, wa ya tsaya hira da wanda daga baya aka kama. Mai shayi ba ya tambayar aƙidar wanda ya zauna a bencinsa, amma hoto zai nuna su tare sau 30 a wata, kuma hoto ba ya bayani.

Ko a zamanin farar hula ma garin nan ya ga yadda ake amfani da sunan tsaro. A watan Janairu na 1980 aka je gidan Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Borno, aka ɗauke shi aka kai shi bakin iyaka aka tura shi Chadi, wai shi ba ɗan Nijeriya ba ne kuma barazana ne ga tsaron ƙasa. Sai da Babbar Kotu a Maiduguri ta rushe wannan umarni ta tabbatar masa da 'yancinsa. Wannan zaɓaɓɓen ɗan majalisa ke nan, mai lauyoyi da jam'iyya a bayansa. Ina ga mai tura baro? Masu mulki suna canjawa, na'ura kuwa tana nan a kan sandarta, tana yi wa duk wanda ya hau kujera aiki. Wanda yake murna yau domin makullin yana hannun nasa, ya tuna akwai zaɓe a gaba. A Uganda gwamnati ta sayi kyamarorin kamfanin Huawei na dala miliyan 126 da sunan yaƙi da masu kisa, amma a Nuwamba na 2020, bayan zanga-zangar da ta biyo kama ɗan hamayya Bobi Wine, da su 'yan sanda suka bi ɗaruruwan mutane suka kama. A nan gida jaridar Premium Times ta ba da labarin waɗansu gwamnonin kudu da suka sayi na'urorin sauraron waya suka juya su a kan abokan hamayyarsu.

Kuma wannan ido yana da wata ɗabi'a da ya kamata a lura da ita: yana gani tar in talaka ne a gabansa, amma in mai kaki ne sai hakiya ta rufe shi. A mashigar Lekki a Ikko akwai kyamara daren 20 ga Oktoba, 2020, lokacin da sojoji suka buɗe wuta inda matasa ke zanga-zanga. Da kwamitin bincike ya nemi faifan, shugaban kamfanin da ke kula da mashigar ya ce kyamarar ta daina ɗauka wajen ƙarfe 8 na dare, wai matsalar sadarwa ce. Ikon Allah! Daren da ƙasa duka take bukatar shaida, daren ne na'ura ta gaji. In za a kafa kyamara a shingen bincike na Maiduguri, muna so mu sani ko za ta riƙa ganin hannun da ke karɓar naira 200 daga direban Keke Napep, ko kuwa ita ma za ta riƙa samun matsalar sadarwa.

Yanzu mu zo ga abin da injiniyan da ya zana taswira a ofis ba zai taɓa tunawa da shi ba. Gidan Bahaushe da na Babarbare ba irin gidan Bature ba ne mai rufi ko'ina. Tsakar gida a buɗe take ga sama. A nan mata suke girki, a nan suke wanki da kitso da shayar da jarirai, a nan ake shimfiɗa tabarma a kwana lokacin bazara, kuma sau da yawa makewayi ba shi da rufi. Katanga da zaure su ne suturar gidan, shi ya sa namiji baligi ba ya wuce zaure sai da izini, shi ya sa mai hawa gini ko bishiya yake ɗaga murya ya sanar da maƙwabta kafin ya hau. Addinin mutanen nan ya hana leƙen asirin juna a Suratul Hujurat, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga gida a Suratun Nur. To, a unguwa mai cunkoso irin Hausari, inda katanga ke jingine da katanga, sandar kyamara mai tsawon mita 8, mai juyawa, mai jawo abu na nesa ya zo kusa, gida nawa za ta leƙa? Wa ke zaune a gaban allon da tsakar dare? Yaro ne mai waya a aljihu, wanda albashinsa bai isa ba, kuma ɗaukar hoton allo da waya a tura wa aboki a WhatsApp bai fi ƙiftawar ido ba. Mutuncin matar aure ko budurwa in ya zube a garin nan, babu kotun da za ta kwashe shi.

Kada a ce zato ne. A garin Brentwood na Ingila a 1995 kyamarar ƙaramar hukuma ta hango wani mutum da wuƙa a hannu da dare, ashe yunƙurin kashe kansa ya yi. Aka kira 'yan sanda suka cece shi, wannan aikin kirki ne. Amma sai hukumar ta ba jaridu da gidajen talabijin hoton domin tallar amfanin kyamarorinta, maƙwabta da dangi suka gane shi, ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa ta zama abin kallon miliyoyi. Sai a 2003 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke cewa an keta masa haddi. Na'ura guda ce ta ceci ransa kuma ta tona masa asiri, bambancin kawai hannun da ke riƙe da faifan.

Dillalan yanzu ma sun ƙaro wani abu, wai kyamara mai gane fuska. Hukumar auna ingancin kayan fasaha ta gwamnatin Amurka ta gwada irin waɗannan manhajoji kusan 200 a 2019, ta sami cewa da yawansu sun fi yin kuskure a kan fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas. A Detroit a 2020 an kama wani baƙar fata a gaban matarsa da 'ya'yansa saboda irin wannan kuskure. Can ya kwana guda a tsare aka sake shi. A Borno, in na'ura ta ce fuskarka ta yi kama da ta wani kwamandan daji, kwana nawa za ka yi?

Za a ce ai akwai doka. Akwai. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa da wayarsa, amma sashe na 45 ya buɗe ƙofar tauye wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiya. Dokar Kare Bayanan Jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗaure banki da asibiti da kamfanin waya da sharuɗɗa masu yawa, sa'an nan a sashenta na 3 ta sassauta yawancinsu ga hukumomin da ke binciken laifi da tsaron ƙasa. Wato an gina shinge, an bar ƙofa a daidai inda kura take shigowa.

Mutanen Borno ba su taɓa yi wa tsaro rowa ba. An hana su babur a 2011, dubban 'yan acaɓa suka rasa abinci, suka haƙura. An katse musu waya watanni, suka haƙura. Sun kwana a kulle tun la'asar, sun sauka daga mota sun ɗaga hannu a shinge, tsofaffi da masu ciki. Wanda ya ba da wannan duka yana da ikon ya gindaya sharaɗi a kan abin da ya rage masa, wato tsakar gidansa.

Sharaɗin kuwa ba mai wuya ba ne. Duk wata kyamarar hukuma a Jihar Borno, doka ta riga ta zuwa, dokar da Majalisar Dokokin Jiha ta yi muhawara a kanta a fili, ba takardar da kwamishina ya sa wa hannu da ɗan kwangila a ɗakin otal ba. A tsaya a ƙofofin kasuwa da tashoshi da manyan mahaɗar hanyoyi da shingayen bincike, a bar lungunan da mutane ke kwana. Kafin a dasa sanda, a kira bulama da lawan da limamin unguwa, a kira mata biyu ko uku daga gidajen da ke kusa, a zaunar da su gaban allon, a juya kyamarar iyakar juyawarta, su gani da idonsu abin da take gani, in ta leƙa gida a sauke ta ko a toshe wannan gefe. A ƙayyade kwanakin ajiye hoto, wata guda ya isa, bayan haka a goge sai wanda alƙali ya ce a riƙe. Duk wanda ya buɗe faifai a rubuta sunansa da ranar da dalilinsa. Ma'aikacin da ya fitar da hoton mutum waje, hukuncinsa ya zama ɗauri, ba canjin wurin aiki ba. Abin da ya fi duka, talakan da ya ce jami'i ya mare shi ko ya ƙwace masa kuɗi a ƙarƙashin kyamara, lauyansa ya sami ikon karɓar faifan, in kuwa aka ce faifan ya ɓace ko na'ura ta tsaya, kotu ta ɗauki wannan a matsayin hujja a kan hukuma.

Kuɗin kwangilar kuma a buga shi a jarida tun kafin a biya kobo: kamfani wane, kyamara nawa, kowace nawa, wa zai gyara, har shekara nawa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 tana nan, amma ba ma so sai an kai ga kotu kamar yadda aka yi a kan bashin Abuja shekara 13 bayan an ciwo shi. 'Yan majalisar da ke wakiltar birnin Maiduguri a Majalisar Jiha su ne ya kamata su gabatar da wannan ƙudiri, kuma ƙungiyar 'yan kasuwar Monday Market da reshen ƙungiyar lauyoyi na Maiduguri su nemi a ba su kujera ranar da za a saurari ra'ayin jama'a a kansa.